Kwat ɗin Ganin Likita

Litinin, bayan tashi daga aiki

Na je. Na dawo da alli.

Haka muke kiran farin maganin nan da likitan kamfaninmu ke bai wa kowa, don in ka tauna shi kamar ka tauni allin makaranta. Mai ciwon kai alli, mai tari alli. Shi kansa likitan Na-gaba muke ce masa, saboda kalmar da ta fi masa sauƙi ke nan, kuma kana tsakiyar magana yake jefa ta ga na bayanka.

Na ce masa cikina ne, nan ƙasa ta hagu, kuma ya daɗe. Bai ɗago ba. Ya ce, "Abokina, me kuke ci a ɗakunan nan naku?" Kowa abokinsa ne, don kada ya wahalar da kansa da riƙe suna. Na ce abin da kowa ke ci. Ya ce, "Barkono. Barkono da kewar gida, ciwonku ke nan ku duka." Sai ya ɗago ya dube ni daga wuya zuwa ƙirji, ya yi murmushi. "Dubi kafaɗunka. Ai ka fi ni lafiya."

Kafaɗun ba nawa ba ne, na kwat ne.

Talata, kafin motar aiki ta zo

A ɗakinmu kwat ɗaya ce, baƙa mai siririn ratsi, tana rataye a bayan ƙofa cikin leda. Ba ta kowa ba ce, ta asibiti ce. Tun kafin in zo ƙasar nan wani ɗan ɗakin ya je ganin likita da kayan aiki, da gumi, fuska a yamutse. Aka rubuta masa ba zai iya aiki ba, kafin mako ya zagayo yana cikin jirgi. Daga nan aka kafa doka: duk wanda zai ga likita sai ya yi aski, ya yi wanka, a fesa masa turare, ya sa takalman fita, ya sa kwat. Tana da soso a kafaɗu, ramamme ma in ya shiga cikinta sai ya zama kamar mai gidan haya.

Ciyaman, shugaban ɗakinmu, shi ke riƙe da dokar. Shi ya fi kowa daɗewa a ɗakin, gadonsa ne na bakin taga. Kullum maganarsa, "Ka je ka karɓo magani, ba ka je a tausaya maka ba. Wanda aka tausaya wa, gida ake kai shi."

Ni ke goge ta, tunda ni ne na guga. A wurin aiki muna wanke zanen gadon otal-otal da na asibitin kamfanin, ni kuma ina kan babban injin da ke haɗiye zane jiƙaƙƙe ta nan ya fito da shi a miƙe ta can. Ban taɓa ƙona wa kowa ko hankici ba.

Alhamis, hutun rana

Rabin burodi kawai na iya ci. Sauran na bai wa Dogo, ɗan ɗakinmu, bai ma tambayi dalili ba.

Juma'a, da yamma

Uwar yara ta kira, irin kiran da ake ganin juna. Na koma inda haske bai da ƙarfi. Ta ce, "Malam, fuskar nan taka fa?" Na ce wayar ce, gilashinta ya tsage. Ta ce, "Tsagewar gilashi ce ke cinye kumatu?" Na yi dariya, na ce lafiya lau nake. Ta ba ni labarin kwanon ɗaki da ke yoyo, da babbar yarinyarmu da ke son shiga makarantar koyon jinya. Na ce ta shiga. Na ce lafiya lau, har sau biyu.

Na ƙara wa bel ɗina huda da ƙusa. Babana ba ya sa bel, mazagi ne a wandonsa. A shekararsa ta ƙarshe mazagin ya yi ta ƙara tsawo, har yana naɗa shi sau biyu. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Lahadi, da hantsi

Ya sake fitowa a wandona. Na wanke da ruwan sanyi kafin kowa ya tashi. Irin wannan jan tabon ruwan zafi kama shi yake yi, duk mai wanki ya sani.

Talata, bayan la'asar

Na je. Na dawo da alli, da wani ɗan man shafawa.

Yau na faɗa masa. Da yarensu na faɗa, a can kalmar ba ta da nauyi a baki. Tun a mota nake bitar ta. Ya ajiye biro, na ce to, yau za a duba ni. Sai ya juya wajen Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye tana jera katuna, ya ce, "Basir. Kin ji? Ya zo min da fuskar jana'iza a kan basir." Ya juyo gare ni. "Abokina, rabin mazan duniya na da shi. Ka tsaya a ƙafa yini guda, ka ci barkono, me kake so ya fito, turare?"

Na ce, "Likita, ina ramewa."

Ya ce, "Mutane na biyan kuɗi don su rame."

Akwai sikeli a kusurwar ofishin. An ɗora masa tukunyar fure. Akwai kuma gadon duba marasa lafiya a jikin bango, da farin zane a kai. Ni na goge zanen nan, na gane ninkin hannuna. Ko lotsawa bai yi ba.

Sista ba ta yi dariya ba. Na rubuta wannan don kada in manta mata shi.

Laraba, bayan magariba

Kuskurena da na bar man shafawar a kan gado. Dogo ya ɗauka ya karanta kwalin da ƙarfi, yana fassara wa ɗaki. Dogo direban motar kai kaya ne, bakinsa ya fi ƙafafunsa tsawo.

"Jama'a, ku tashi ku bai wa Kawu kujera mai laushi! Ashe duk wannan shirun da jan fuskar, ƙofar baya ce ta samu matsala."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a nemo min tayar mota in riƙa zama a kai. Dogo ya ce, "Kawu, in hannunka ba ya kaiwa ka faɗa, sai mu sa ƙuri'a."

Na yi dariya tare da su. Da wani ne, da ni ma na tanka tawa. A ɗakin nan wanda ba a zolaya shi ne wanda aka fid da rai da shi.

Ciyaman ya ce, "To alhamdulillahi, ƙaramin abu ne. Ka ga amfanin kwat. Da ka je a wargaje da yanzu ana maganar tikiti."

Asabar, hutun rana

Manaja ya tsayar da injina a gaban kowa. Ya ce shi bai ɗauki ma'aikacin banɗaki ba, mai guga ya ɗauka. Ya ce daga yau makullin banɗaki na ofishinsa, duk mai so ya je ya roƙa. Matan da ke ninke tawul suka sunkuyar da kai, mazan suka zuba min harara, don na ja musu.

Na je na roƙa. Na sake komawa na roƙa. A na ukun ya riƙe makullin a sama kamar mai wasa da mage, yana tambayata ko zan iya jira ya gama waya.

Na jira.

Lahadi

Ruwan sanyi.

Litinin, da yamma

In zan yi adalci, layin da ke ƙofar Na-gaba ya fi layin motar aiki. Na taɓa ganinsa ta taga yana cin abincin rana a tsaye, da cokali a hannu ɗaya, biro a ɗayan. Kuma ana yi masa ƙarya. Dogo da bakinsa ya ba mu labarin yadda ya sa tafarnuwa a hammata don jikinsa ya yi zafi a ba shi hutun kwana biyu. Mutumin da ake yi wa ƙarya tun safe, in yamma ta yi ba ya gane gaskiya ko ta zauna a gabansa.

Na rubuta wannan don kada a ce ban faɗa ba. Amma hannu biyu gare shi, kuma cikina bai fi taku biyu daga teburinsa ba.

Laraba, da azahar

Na je. Ko allin ban samu ba.

Tun daga ƙofa ya ce, "Kai ne kuma?" Na ce maganin bai yi ba. Na ce ina so a tura ni babban asibiti, inda ake zura na'ura mai kyamara a duba ciki. Wani a wurin aiki ya ce min akwai ta, kuma katinmu na aiki ya isa a yi mana, in dai likitan kamfani ya sa hannu.

Ya jingina da kujera. "Ashe yanzu kai ne likitan. To zo ka zauna nan, ni in je in yi guga." Ya ce na'urar ta marasa lafiya ce, ba ta masu neman hutu ba. Ya ce in na sake dawo masa da wannan zancen zai rubuta wa Manaja cewa ina ɓata lokacin kamfani. Na buɗe baki, ya ce, "Na gaba!"

Sista ta biyo ni har bakin matakala, kamar za ta zubar da shara. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Baba, ka daina zuwa da rigar nan."

Na ce me ta yi?

Ta ce, "Kowa ya san ta. Shekara nawa tana zuwa nan, yau a jikin dogo, gobe a jikin gajere, da maɓallin hannun nan da ba irin sauran ba. Shi ce mata yake yi kwat ɗin 'yan wasan kwaikwayo. In ya gan ta ya riga ya gama da kai, ba ya duba wanda ke ciki." Ta ɗaure bakin ledar sharar. "Kuma kullum ka zo fes, kana ƙamshi. Abin da kake faɗa, ina yake? Shi sai ya gani da idonsa."

Na ce, "'Yata, abin ba na nunawa ba ne."

Ta ce, "To ka ci gaba da wankewa." Ta shige.

Maɓallin ni na ɗinka shi, bara.

Alhamis, bayan cin abincin yamma

Na faɗa wa ɗaki. Da na sani na yi shiru.

Ciyaman ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Wato mace mai kwashe fo ce za ta koya mana zaman ƙasar nan? Mutum nawa suka sa kwat ɗin nan? Wa aka kora a cikinsu?"

Na ce, "Ba a kori kowa ba. Wa aka warkar?"

Dukanmu mun tuna mai gadon sama, wanda ya yi ta karɓo alli har ranar da ya ce shi dai ya gaji, ya tafi gida da ƙafarsa. Bayan wata biyu aka turo mana hoton kabari. A lokacin cewa muka yi kwana ne ya ƙare.

Ciyaman ya ce, "Kai dai ka faɗi abin da kake nufi."

Na ce zan je yadda nake.

Dogo ya ce, "Yadda kake? Kawu, ka san yadda kake kuwa? Mu da muke kwana ɗaki ɗaya da kai mu muka sani." Ya toshe hanci. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, shi ma kansa bai yi ba, tari ne ya sarƙe shi.

Ciyaman ya ce in na je na zubar da mutuncina, ba nawa kaɗai na zubar ba. Za a ce 'yan ɗakin nan ƙazamai ne, masu ɗauke da cuta, a zo a kwashe kowa a yi masa gwaji, kuma ba wanda ya san abin da za a tono a jikinsa. "Kowa a nan da bakunan da ke jiransa a gida. Kai kaɗai ke da iyali?"

Ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Juma'a, da safe

An ware min kofina da cokalina a kan taga. An ɗaura wa bokitina jan ƙyalle.

Juma'a, da yamma

Uwar yara. Lafiya lau.

Asabar

Na zauna a kan buhun tawul don jiri, Manaja ya ɗauke ni hoto da wayarsa.

Lahadi, bayan la'asar

Ban wanke ba.

Tun ina yaro ban taɓa barin tufa da tabo ta kwana ba. Uwata cewa take yi an haife ni da sabulu a hannu. Yau na tsaya a gaban famfo da wandon aiki a hannuna, ruwa na zuba, na rufe famfon. Minti nawa na yi a tsaye ban sani ba. Hannuna shi so yake ya cuɗa.

Ban yi aski ba. Gobe ma ba zan yi wanka ba.

Ciyaman ya sauko da kwat ɗin ya shimfiɗa a kan gadona. Na mayar da ita bayan ƙofa.

Litinin, bayan azahar

Zan rubuta shi yadda ya faru, sau ɗaya, ba zan sake komawa kansa ba.

Na sa wandon. Na sa tsohuwar singileti wadda wuyanta ya saki, ƙasusuwan ƙirjina duk a waje. A mota wata mata ta ja ɗanta ta koma baya. A layin asibiti aka bar min benci guda ni kaɗai. Wani ɗan ƙasarmu da muke gaisawa kullum ya zuba ido a wayarsa kamar yau aka ba shi ita.

Da aka kira ni ban zauna a kujera ba. Na wuce kai tsaye na hau gadon nan na jikin bango, na kwanta a kan farin zanen.

Ya ce, "Kai! Wa ya ce ka hau nan? Sauka!" Bai gane ni ba. Wallahi bai gane ni ba, sai da ya duba katin. Ya ce, "Kai ne na basir? Sauka ka zauna can."

Na ce ba zan sauka ba sai ya taɓa ni.

Ya ce zai kira mai gadi. Na ce ya kira. Ya taso da kansa ya kama hannuna zai janyo ni, na zame gefe, sai ya ga zanen.

Tun daga mota abin ke zuwa, ban hana shi ba.

Ya saki hannuna. Abin da ya fara cewa shi ne, "Dubi abin da ka yi min a gado." Na ce kada ya damu, ni zan wanke. Sista ta miƙo masa safar hannu tun bai tambaya ba. Ya tsaya yana dubanta, sannan ya karɓa.

Hannunsa sanyi. Ya danna nan, ya danna can, da sauri, irin na mai son ya gama. Da ya zo ƙasa ta hagu sai hannun ya tsaya. Ya sake dannawa, a hankali. Ya ja fatar idona ya duba. Ya ce wa Sista ta sauke furen nan daga kan sikeli.

Na hau. Ya dubi sikelin, ya dubi katin ranar da aka ɗauke ni aiki, ya sake duban sikelin. Ya zauna ya yi rubutu mai tsawo, yau biron bai yi gudu ba. A karon farko ya kira ni da sunana, ya karanto shi daga katin, bai ma faɗe shi daidai ba.

Sai ya ce, "Me ya sa ba ka zo da wuri ba?"

Na dube shi. Ba zolaya yake yi ba. Da gaske yake tambaya, har da ɓacin rai, irin na wanda aka ɓata wa aiki. Ya ce, "Ku mutanen nan haka kuke, sai abu ya lalace ku kwaso ku kawo mana."

Sista ta juya tana gyara katunan da ta riga ta gyara.

Na ce, "Na gode, likita." Ban san abin da ya sa na ce haka ba. Bakina ne ya saba.

Takarda biyu ya rubuta. Ɗaya ta babban asibiti, ya ba ni a hannu. Ɗaya ta Manaja, wannan ba ta biyo ta hannuna ba.

Talata, hutun rana

Kayan asibiti sun iso cikin jar leda kamar kullum. Ba aikina ba ne buɗe su, amma na buɗe. Na ciro zanen nan na kai bakin famfo, ruwan sanyi, gishiri kaɗan, sannan sabulu. Ya fita tas. Na sa shi a injina, ya fito a miƙe, na ninke shi da hannuna. Gobe zai koma kan gadon nan, ba wanda zai ce an taɓa kwanciya a kai.

Ɗazu Manaja ya kira ni ofis. Yau har kujera ya ba ni. Ya ce kamfani na tausaya min ƙwarai. Ya ce katina zai yi aiki zuwa ƙarshen wata, bayan nan ya fi kyau mutum ya kasance kusa da iyalinsa. Makullin banɗakin na kan tebur, ya turo min shi, ya ce in riƙe.

Ciyaman ya faɗa. Wanda aka tausaya wa.

Laraba

Ba a zo an kwashe kowa ba. Ba a yi wa kowa gwaji ba. Kofina dai na kan taga.

Juma'a, da yamma

Babban asibiti. An zura na'urar. Likitar mace ce, ba ta kai babbar yarinyata da yawa ba. Ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta juyo min da allon don in gani, ta nuna da bayan biro. Ta yi magana a hankali, tana tsayawa tana tambaya ko na gane. Ta ce da an zo watannin baya, sai kuma ta fasa ƙarasawa. Ta tambaye ni ko ina da wani a nan da zai riƙa rako ni.

Na fi son ihun Na-gaba. Mutum na iya jin haushin ihu.

Za su yanka ranar Laraba, tun katin na da rai. Abin da ya biyo baya sai sun buɗe sun gani.

Uwar yara ta kira, ban ɗauka ba.

Asabar, da hantsi

An daina zolayata. Dogo ya kawo min shayi har gado, ya ce, "Kawu, ga shi, ban sa sukari da yawa ba." Na ce masa ina tayar motar da aka yi min alkawari? Bai yi dariya ba. Ya juya yana tari a cikin tawul, ya dunƙule tawul ɗin da sauri ya cusa ƙarƙashin filo.

Ɗazu na gan shi a bakin famfo. Bai kunna na zafi ba.

Lahadi, bayan la'asar

Ciyaman ya zo ya tsaya a kaina da kwat ɗin a hannu. Ya ce Dogo zai je ganin likita gobe, ɗan tari ne, a ba shi magani ya dawo. Ya ce, "Ka goge masa ita. Ba wanda ya iya kamar kai." A tausashe ya faɗa, ina jin sulhu yake nema.

Na ce, "Ciyaman, ka ga abin da ke ƙarƙashin filonsa?"

Ya ce, "Na ga abin da ya same ka. Aikinka ya tafi. Shi 'ya'yansa ƙanana ne."

Dogo na zaune a bakin gado an gama yi masa aski. Ya ce, "Kawu, goge min kawai. Ni ba zan je in yi abin da ka yi ba. Gara in mutu da wandona a tsabtace."

Na karɓa. Na shimfiɗa bargo a kan tebur, na jona dutsen guga, na jira ya yi zafi sosai. Na fara da hannuwa kamar kullum, na bi ƙwala, na juya ta baya. Na ɗora dutsen a tsakiyar bayan, tsakanin kafaɗun soson nan biyu, na ɗauke hannuna. Na koma na zauna a gadona.

Wari ne ya fara sanar da su. Kafin Ciyaman ya tsallako ya fizge wayar wuta, dutsen ya ci ya huda har bargo. Soson kafaɗar ya narke ya manne.

Ban taɓa jin Ciyaman ya yi ashar ba sai yau. Ya ce ni mugu ne, na ga tawa ta ƙare ina so in ja kowa. Wani ya ce a fitar min da katifa waje. Dogo ya ɗaga kwat ɗin yana leƙena ta cikin ramin, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Allah ya isa, Kawu. In aka kore ni, kai za ka ciyar min da yara? Daga ina, daga kabari?"

Mai yiwuwa a kore shi. Mai yiwuwa Ciyaman ne mai gaskiya har gobe.

Litinin, da safe

Dogo ya fita da rigar aiki. Bai gaishe ni ba. Daga taga na ga ya tsaya a bakin titi, ya dawo da sauri, ya ɗaga filo ya ɗauki tawul ɗin ya cusa a leda. Da zai fita ya ce, "Ba don kai ba ne, tsohon banza."

Litinin, da yamma

Bai dawo ba tukuna. Ba wanda ke min magana.

Uwar yara ta kira. Na koma bakin taga inda haske ya fi yawa, na ɗauka. Ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Malam, lafiya?"

Na ce ta samu wuri ta zauna.